Numfashin Injin Mota: Kamshaf, Bawul da Sha'anin Lokaci

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Shugaban taro, ranka ya daɗe, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai, waɗanda suka yi ritaya da waɗanda har yanzu suke riƙe da alli, shugabannin wannan ƙungiya tamu, yayyenmu da suka riga mu fita da ƙannenmu da suka biyo baya, 'yan ajinmu, ina gaishe ku baki ɗaya.

Da sakataren ƙungiya ya gaya mini an sa sunana cikin masu jawabi bana, na tambaye shi a kan me zan yi magana. Ya ce a kan abin da na sani. Na ce to, ai abin da na sani bai wuce ƙarfe da baƙin mai ba, domin injiniyancin injuna na karanta a jami'a, kuma tun da na kama aikin gwamnati a sashen kula da motoci aka ajiye ni. Ya ce hakan ma ya yi, tun da rabin 'yan ajinmu yanzu da mota suke zuwa taro, sauran rabin kuwa suna tara kuɗin saye. Saboda haka idan maganar ta gundure ku, kun san wanda za ku kama.

Zan fara da tona wa kaina asiri. Shekara biyu da suka wuce, ana saura kwana biyu Babbar Sallah, na ɗebi iyali a cikin wata 'yar tsohuwar mota da na saya ta hannu, muka nufi gida. Mun wuce Zariya mun kama hanyar Funtuwa, sai injin ya mutu ɗif. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu wata fitilar gargaɗi da ta kama kafin nan. Na gangara gefen hanya na murɗa makulli, sai na ji injin yana juyawa da sauri sakayau, kamar babu komai a cikinsa. Ina jin wannan sautin gabana ya faɗi, domin na san ma'anarsa. Belin taimin ne ya tsinke, fistin ya ci karo da bawul. Da aka ja motar zuwa gareji aka buɗe kan injin, bawul takwas cikin goma sha shida sun lanƙwashe. Kuɗin ragon layya a nan ya ƙare, har da ciko. Shi kuwa bel ɗin da ya jawo wannan duka, kuɗinsa bai kai na ƙafar ragon ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ni ne mai rubuta wa direbobin ofis takarda ina tuna musu lokacin canja wannan bel. An ce wanzami ba ya son jarfa.

To, mene ne wannan bel yake riƙe da shi har tsinkewarsa take yin wannan ɓarna? Lokaci yake riƙe da shi. A kan wannan lokacin nake so in yi magana, domin a ganina shi ne abin da ya fi ƙayyade halin injin, kuma shi ne abin da masu mota suka fi jahilta.

Yawancinmu mun ɗauka mota fetur take sha. Gaskiya ne, amma abin da ta fi sha iska ce. Kafin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya nasa yana bukatar iska kilo 14.7. Idan aka juya wannan zuwa abin da ido zai gane, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska kimanin lita 9,000, watau cikin duro 45 irin na lita 200. Zuba fetur a injin abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce shigar da wannan iska mai yawa da fitar da hayaƙinta a cikin ɗan lokaci. Saboda haka ƙarfin injin yana tafiya ne da yawan iskar da ya iya shaƙa. Injin da ya iya numfashi shi ne mai ƙarfi.

Tsarin da kusan dukkan motocinmu suke aiki da shi, wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya tabbatar da shi a 1876. Fistin yana yin tafiya huɗu a cikin silinda. Ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Filogi ya ba da wuta, abin ya kama, ya tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi. Sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. A cikin tafiya huɗun nan, ɗaya ce kawai take kawo ƙarfi, sauran ukun hidima ce. A saman kowace silinda akwai ƙofofi iri biyu, su ne bawul: ta shigar iska da ta fitar hayaƙi. Kowace tana da sifirin mai ƙarfi da yake riƙe ta a rufe, sai an danna ta take buɗewa.

Mai danna su shi ne kamshaf. Sandar ƙarfe ce mai tozaye a jikinta, kowane tozo da siffar ƙwai. Idan sandar ta juya, tozon ya zo kan bawul ya tura shi ya buɗe. Idan ya wuce, sifirin ya mayar da shi. Karanshaf, watau sandar da fistin suke juyawa a ƙasan injin, ita take jan kamshaf ta hanyar bel ko sarƙa ko haƙoran giya. Tun da tafiya huɗun nan juyi biyu ne na karanshaf, digiri 720 ke nan, alhali kowane bawul sau ɗaya ake so ya buɗe, sai aka yi farantin kamshaf da haƙora ninki biyu na farantin karanshaf. Ƙasa ta juya sau biyu, sama ta juya sau ɗaya.

Dabarar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Mutanen Sin na zamanin da sun yi amfani da sanda mai tozaye wadda ruwa yake juyawa tana ɗaga taɓare suna sussukar hatsi. Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya ta yau, ya bayyana irin wannan sanda a cikin littafinsa na na'urori da ya kammala a 1206. Abin da zamani ya ƙara shi ne sauri. Ku dubi allurar nan ta gaban direba mai nuna juyin injin. Idan tana kan 3, watau juyi 3,000 a minti, karanshaf yana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25, kuma tafiyar zuƙar iska gaba ɗayanta kashi ɗaya ce cikin ɗari na daƙiƙa. Idan allurar ta kai 6, lokacin ya ragu da rabi. A cikin wannan ɗan ƙyaftawar ido ake so silinda ta cika.

A nan zan nemi gafarar malaminmu na Fiziks, wanda na hango a sahun gaba. Allah ya gafarta Malam, zanen da ka yi mana a allo daidai ne: bawul ɗin iska ya buɗe lokacin da fistin yake can sama, ya rufe lokacin da ya kai ƙasa, na hayaƙi ya buɗe a ƙasa, ya rufe a sama. Haka muka rubuta a jarrabawa muka ci. Amma babu injin mota da yake aiki haka, kuma dalilin yana cikin wani darasin da kai ɗin dai ka koya mana, cewa abin da yake tsaye ba ya son motsi, abin da yake gudu kuma ba ya son tsayawa. Iska ma tana da nauyi, wannan doka ta hau kanta.

Ku tuna da ɗakin cin abincinmu ranar shinkafa. Idan aka buɗe ƙofa daidai lokacin da aka kaɗa ƙararrawa, sai an ɗauki ɗan lokaci kafin na gaba su fara motsi, na baya su biyo. Amma da zarar layin ya ɗauki gudu, ko ɗakin ya cika na baya ba su san an cika ba, turowa suke yi, sai ka ga an ƙara cusa mutum ashirin a inda ake zaton babu wuri. Firifet mai wayo yakan buɗe ƙofa kafin ƙararrawa, kuma ba ya saurin rufewa. Haka masu ƙera injin suke yi. Suna buɗe bawul ɗin iska kaɗan kafin fistin ya kai sama, domin ƙofa ta riga ta wangame sa'ad da zuƙa za ta fara. Sa'an nan suna barin sa a buɗe bayan fistin ya kai ƙasa har ya fara hawa, sau da yawa da digiri 40 zuwa 60 na juyin karanshaf. Fistin yana hawa, amma iskar da ta riga ta ɗauki gudu a cikin bututu tana ci gaba da cusa kanta. Wannan lokacin rufe bawul ɗin iska shi ne mafi muhimmanci a cikin duk lissafin.

Bawul ɗin hayaƙi ma ba ya jiran fistin ya kai ƙasa. Ana buɗe shi da wuri, domin a ƙarshen tafiyar wuta ƙarfin turawar ya riga ya ragu, gara a bar hayaƙin ya fice da matsin kansa da a bar fistin ya yi ta fama da tura shi. Kuma ba a rufe shi sai fistin ya ɗan wuce sama. Idan kun lura, ke nan akwai wani ɗan lokaci da ƙofofin biyu suke a buɗe tare. Da gangan ne. Hayaƙin da yake fita da gudu yana barin gurbi a bayansa, gurbin nan yana jawo sabuwar iska ta shigo ta share ragowar.

Ga inda gizo yake saƙa. Duk wannan dabara da gudun iska ta dogara, shi kuwa gudun iska yana canjawa da juyin injin. Jinkirin rufe ƙofa da yake cika silinda a juyi 6,000, shi ne yake zubar da ita a juyi 1,500, domin a nan iskar ba ta da gudun da za ta yi gardama da fistin, sai ya mayar da wani kashi nata waje ta ƙofar da ta shigo. Haɗuwar ƙofofi biyu da take share silinda a babban gudu, ita ce take sa hayaƙi ya koma ciki idan mota tana tsaye injin yana aiki, sai ka ji yana rawa yana tari kamar zai mutu. Tozon ƙarfe kuwa siffa ɗaya gare shi. Yadda aka sassaƙa shi a masana'anta, haka zai yi ta bugawa har ya mutu.

Saboda haka mai ƙera injin dole ya zaɓa. Abu uku ne a hannunsa: tsayin tozo, wanda yake ƙayyade nisan da bawul zai buɗe, faɗin tozo, wanda yake ƙayyade daɗewarsa a buɗe, da kuma tazarar da ke tsakanin tozon iska da na hayaƙi. Idan babbar mota ce mai ɗaukar buhuna ta hau tudu, sai a ba ta tozo siriri mai saurin rufewa, ta sami ƙarfin murɗawa tun daga ƙaramin juyi, amma da an matsa mata sai numfashinta ya ƙare. Idan motar tsere ce, sai a ba ta tozo mai tsayi da faɗi. A ƙasa ba ta da kataɓus, amma da allura ta hau sai ta farka. Injin biyu masu girman silinda ɗaya za su iya zama doki da jaki saboda wannan sandar kaɗai. Shi ya sa nake murmushi idan na ji ana gardama a majalisa cewa wannan mota lita 2.0 ce, waccan 2.4, kamar a nan magana ta ƙare. Kuma kada wani ya ji wannan ya tafi neman kamshaf ɗin tsere ya sa wa motar kai yara makaranta. A cunkoson kasuwa zai gane kurensa.

Wurin da aka ajiye sandar ma yana da tasiri. Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta cika hanyoyinmu da ita, kamshaf ɗinta a cikin gangar jikin injin yake. Gajeriyar sarƙa take jan sa, shi kuma ya tura wasu dogayen sanduna, su kuma su danna bawul ta hannun roka. Tsari ne mai juriya da sauƙin gyara, amma ƙarafan da suke motsi sun yi yawa, idan juyi ya yi tsanani sifirin ba ya iya mayar da su a kan lokaci. Maganin wannan shi ne a ɗora kamshaf a saman injin kusa da bawul, har ma a yi guda biyu, ɗaya na iska ɗaya na hayaƙi, a kuma ba kowace silinda bawul huɗu. Abin mamaki, kamfanin Peugeot ɗin ne dai ya yi suna da wannan tsari tun 1912 a motarsa ta tsere, wadda ta ci babbar gasar Faransa a shekarar, ta kuma ci ta Indiyanafolis a Amurka a 1913. Sai da aka yi shekaru da dama kafin ya iso motar talaka. Rubutun DOHC da lamba 16 da kuke gani a murfin injin, abin da suke nufi ke nan.

Amma ko da wannan, tozo ɗaya ne lokaci ɗaya. Abin da injiniyoyi suka daɗe suna nema shi ne injin da zai canja lokacinsa yana cikin tafiya. Kamfanin Alfa Romeo na Italiya ne ya fara sayar da mota mai wannan dabara a 1980. Honda ta fito da VTEC a 1989, kuma yadda ta yi abin yana burge ni har yau. A kan kowane bawul biyu ta sa tozo uku, biyu ƙanana a gefe, babba ɗaya a tsakiya. A tafiyar yau da kullum ƙananan ne suke aiki, babban yana bugun iska. Idan juyi ya haura 5,000 da wani abu, sai matsin baƙin mai ya tura wani ɗan ƙarfe ya kulle rokokin uku wuri guda, babban tozo ya karɓi ragama. Da haka injin mai lita 1.6 ya ba da ƙarfin doki 160, ba tare da ya zama abin wahala a cikin gari ba. BMW ta zo da nata mai suna VANOS a 1992, Toyota kuma da VVT-i a 1995. Waɗannan ba su canja tozo, sandar gaba ɗaya suke ɗan murɗawa gaba ko baya a kan farantinta, gwargwadon abin da kwamfutar injin ta ga ya dace. Shi ma da matsin baƙin mai ake yi.

Toyota Prius ta 1997 ta ɗauki abin da na kira aibi ɗazu ta mai da shi riba. Tana jinkirta rufe bawul ɗin iska da gangan domin wani kashi ya koma, sai matsawa ta zama gajeriya, tafiyar wuta kuma ta kasance doguwa, a tatse kowane ɗigon fetur. Ƙarfin da aka rasa a ƙaramin juyi, injin lantarki ya cike shi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, ina jin babu wanda zai ce wannan lissafi bai shafe shi ba.

Yanzu bari in sauko daga Japan da Jamus in dawo garejin unguwa, domin a nan abin yake taɓa aljihunmu.

Kun ji na ambaci baƙin mai sau biyu. A tsohuwar mota aikinsa santsi da sanyaya ƙarfe. A motar da take da VVT-i ko VTEC kuwa, shi ne hannun da yake juya lokaci. Yana bi ta wasu ƙananan hanyoyi da 'yar rariya mai ƙananan idanu kafin ya isa wurin. Idan ya tsufa ya yi kauri ya zama kamar kwalta, hanyoyin nan su toshe, sai kamshaf ya maƙale a wuri ɗaya. Mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, ta riƙa kakabi da safe, fitilar gargaɗi ta kama. Sai a canja filogi, a wanke wannan a wanke wancan, ciwon yana nan. Akwai kuma wata al'ada tamu ta cewa ƙasarmu da zafi, saboda haka mai kauri ya fi. Injin da aka rubuta wa 5W-30 ko 0W-20 a murfinsa, an auna hanyoyinsa ne da wannan kaurin. Wanda ya ɗura masa 20W-50 don haka ake yi wa 504, bai taimake shi ba. Kuma matsalar rashin canja baƙin mai ba mu kaɗai ba ne. Lokacin da Honda ta aika injiniyoyinta ƙasashe masu tasowa su ga abin da yake kashe baburanta, sun tarar mutane ba sa canja mai a kan lokaci, kamshaf ɗin sama kuwa shi yake fara ci. Shi ya sa ta ƙera CG125 a 1975 da kamshaf a ƙasa kusa da mai, tozo ɗaya yana aiki wa bawul biyu. Injuna da yawa na baburan da ake kawowa daga Sin kwaikwayon wannan ne. Motarka ta zamani ba a yi mata wannan rangwame ba.

Sai bel. Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude: mata biyu ko uku a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, taɓare ba sa haɗuwa saboda kowace ta san lokacinta. A yawancin injunan zamani, fistin da bawul lugude suke yi. Wurin da bawul yake leƙowa idan ya buɗe, nan fistin yake isowa idan ya hau, lokaci ne kawai ya raba su. Da bel ya tsinke kamshaf ya tsaya cak da wasu bawul a buɗe, fistin kuwa bai sani ba. Abin da ya same ni ke nan a hanyar Funtuwa. Bel roba ce da zare, ba ya kuka kafin ya mutu, kuma shekaru suna cin sa ko da mota tana ajiye. Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a canja shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, ko bayan shekara huɗu zuwa biyar, amma littafin motarka shi ne alƙali. Idan ka sayi mota ta hannu, kada ka yarda da lambar da ke kan mita, kada kuma ka yarda da rantsuwar dillali. Ka ɗauka ba a taɓa canja shi ba, ka canja shi tare da 'yan tayoyin da suke ɗame shi, da famfon ruwa idan bel ɗin ne yake jan sa. Kuma ka fara sanin ko bel gare ka ko sarƙa, domin suna ɗaya ba ya nufin ciki ɗaya. Honda Accord ta 2003 mai silinda huɗu sarƙa gare ta, mai silinda shida kuwa bel. Sarƙa ta fi daɗewa, amma ita ma a cikin baƙin mai take wanka, idan ya lalace sai ta miƙe, lokaci ya goce.

Wajen ɗaurawa ma a tsaya a kai. Akwai alamomi a jikin faranti da jikin injin da dole su yi daidai. A ce farantin kamshaf haƙora 40 gare shi. Kuskuren haƙori ɗaya digiri 9 ne a sama, watau digiri 18 a karanshaf. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, amma ba za ta ƙara zama yadda ka san ta ba. Idan ka karɓo mota daga canjin bel ka ji ta yi sanyi, ka koma a duba alamomin kafin a fara zargin fetur. A lura kuma, idan makaniki ya ce zai gyara taimin, a tambaye shi wanne, domin lokacin ba da wutar filogi ma haka suke kiran sa, kuma abu ne dabam.

Na ƙarshe shi ne tafet, kuma a nan laifin namu ne masu mota. Tsakanin bawul da abin da yake danna shi ana barin 'yar tazara, kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na milimita a yawancin injuna, kamar kaurin takarda biyu, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Idan tazarar ta yi yawa sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas. Mu kuwa ba ma son ƙara, sai mu ce wa makaniki ya ɗaure har ta yi shiru, shi kuma ya ɗaure don ya faranta mana. Bawul ɗin hayaƙi zafinsa yakan haura digiri 700, kuma yawancin zafin nan yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Idan aka ɗaure shi bai zauna sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye shi. Tafet mai ɗan surutu ya fi mai shiru lafiya. A auna shi da ma'auninsa, injin yana a yanayin da littafi ya ce, kada a auna da kunne. Wasu injunan suna daidaita tazarar da kansu, su ma da matsin baƙin mai. Waɗanda suka mayar da motarsu mai amfani da iskar gas kuma su riƙa duba tazarar a kai a kai, domin gas busasshe ne, mazaunin bawul yakan fi saurin cinyewa da shi, tazarar ta riƙa tsukewa.

Wani daga baya yana nuna mini agogo. Ranka ya daɗe Shugaban taro, motar da na ba da labarinta tana nan a bakin ƙofar ɗakin taro, an gyara ta, kuma na zo da ɗaya daga cikin bawul ɗin da suka lanƙwashe tare da guntun bel ɗin. Bayan an ci abinci zan buɗe bonet, duk mai so ya zo ya gani da idonsa, wanda kuma bai san ko bel gare shi ko sarƙa ba ya kawo makullinsa mu duba tare. Ɗaliban ajin kimiyya da aka ba izinin zama da mu, ku ne a gaba.